Yadda Damisa Ta Ci Gashin Bakin Valdomiro

"Ni fa, duk motar da na ɗora wa hannu, ko shekara goma ta yi kwance kaji na ƙwai a cikinta, sai ta tashi ta nemi titi!"

Valdomiro ke nan, a shagon askin Nereu, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana murza gashin baki. To abokina, kafin mu yi nisa bari in gaya maka sana'ar mutumin nan, kada ka ɗauka bakanike ne. Katifa yake sayarwa. Katifa da matashin kai, sai zannuwan gado idan Kirsimeti ta ƙarato. Amma tun ranar da ya sayi wata tsohuwar mota mai turbo, abin nan da ke hura wa inji iska don ƙarin gudu, ya fara kallon masu gyara a waya, ya hana kowa ce masa Miro, sai dai Injiniya. A gabansa ke nan. A bayansa kuwa mutanen garinmu Santa Rufina Injiniyan Soso suke ce masa.

Gashin bakin nan kuwa abin kallo ne. Baƙi wuluk, kauri kamar tsintsiyar shara, kowane gefe ya lanƙwaso sama kamar ƙahon sa. Shekara ashirin reza ba ta kusance shi ba. Duk Asabar yakan zo da matajinsa na kansa, Nereu ya daidaita masa da almakashi yana riƙe numfashi. Matarsa Ivonete takan ce ita dai ta yi aure, ta haihu, ta aurar, amma har yau ba ta san kamannin leɓen mijinta na sama ba.

Motar, wadda ya raɗa wa suna Damisa, irin namu ne na da, mai kusurwa huɗu kamar akwatin sabulu, mai shan man rake, wato barasar rake da muke zuba wa mota a madadin fetur. Man rake mutumin kirki ne, ga araha, turbo ma na son sa. Halinsa guda ne: ba ya shiri da sanyi. Shi ya sa masu ƙera motar suka ajiye wani ɗan tankin roba a ƙarƙashin bonet, bai fi cin lita ɗaya ba, na fetur. In an wayi gari da ɗari sai ka danna maɓalli ya ba inji 'yar kurɓa, kamar yadda ake ba tsoho kofi kafin a tambaye shi labari. Inji na yin ɗumi man rake ya karɓi aiki. Riƙe ɗan tankin nan a ranka. Ni da mantuwa ta yi wa yawa ma ban manta shi ba.

Ranar da ya yi wannan cika bakin, saura mako uku a yi bikin direbobi. Shekarar da gadar ƙasan gari ta karye ne, ko kuwa wadda ta biyo bayanta. Kai, ba komai. Bikin dai duk ashirin da biyar ga Yuli ake yi, tsakiyar sanyinmu. Duk abin da ke da taya a garin sai ya yi layi a bakin coci, a gangara har filin ƙwallo, Fada, limamin cocin, ya yayyafa wa kowace mota ruwa, sannan a ci nama. Motar da ta ja gaba ita ke ɗaukar Fada da tutar waliyyin direbobi. Shekara ashirin da biyu babbar motar katako ta Baba Alcides ce ke yin wannan aiki. Baba Alcides kuwa tsohon bakanike ne, kuma shi ne mahaifin Ivonete. Yana nan zaune a shagon yana zuƙar shayin ganyen nan namu, mate, a ƙoƙonsa, fulas ɗin ruwan zafi a hammata, kamar kowa.

"Bana Damisa ce a gaba," in ji Valdomiro. "Na riga na yi magana da 'yan kwamiti. Baba, ka huta haka. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Da katifa nawa ka yi maganar?" in ji Nereu.

"Biyu ne kacal, kuma kyauta ce ga ɗakin baƙin coci, ba abin da kake nufi ba!"

Baba Alcides ya ƙara ruwa a ƙoƙo, ya ce, "Ni ba na jayayya, ɗana. In ta tashi, ta ja."

"In ta tashi? Baba, ƙwaƙwalwa fa na yi mata oda daga birnin São Paulo! Ta kwamfuta! Ku shaida, jama'a: in ba Damisa ce ta fara shiga filin ƙwallo ba, Nereu ya aske mini gashin bakin nan tas, a tsakiyar fili, gaban maza da mata!"

Nereu ya dubi gashin bakin, ya dubi rezarsa, ya haɗiye yawu kamar mahauci ya ga rago. Tun daga ranar ya fara wasa rezar.

Ƙwaƙwalwar ta iso ranar Talata, wani ɗan baƙin akwati ne da wayoyi kamar taliyar da ta kwana. Aikinta shi ne ta gaya wa nozul, 'yan bututun feshi, yawan man da za su fesa wa inji a kowane lokaci. Takardar da ta zo da ita ta ce a ɓoye ta cikin mota, ƙarƙashin sitiyari, inda ruwa ba ya kaiwa. Valdomiro ya karanta ya yi tsaki. Ya kashe kuɗi haka, sannan ya ɓoye abu inda ba mai gani? Ina! So yake in ya ɗaga bonet a dandali idon mutane ya fara sauka a kanta. Ya duba, ya duba, babu wuri. Sai idonsa ya faɗa kan ɗan tanki.

"Kayan tsofaffi," in ji shi. Ya kwance shi ya ɗaure ƙwaƙwalwa a gurbin. "Ivonete! Zo ki karɓi wannan ki jefar."

Ta juya shi a hannu. "Miro, ba wannan ne na safe ba?"

"Injiniya. Kuma kwamfuta ba ta san safe ba, ba ta san yamma ba. Lissafi ta sani."

"To, Allah ya ba lissafi sa'a."

Ba ta jefar ba. Ta wanke shi da sabulu, ta ga yana da ɗan siririn tiyo mai kyau, ta mai da shi abin ba furanninta ruwa.

Daga nan aka shiga saiti. In ka jona ƙwaƙwalwar da kwamfuta sai ka ga wani allo cike da ƙananan gidaje, kowane gida da lambarsa: in inji na gudu kaza, turbo na hura iska kaza, a ba shi mai kaza. Mai ya yi yawa, inji ya ƙware. Ya yi kaɗan, zafi ya narkar da fistin. Masu sana'ar suna da wata 'yar na'ura da suke ɗaura wa salansa, tana shinshinar hayaƙi tana gaya musu gaskiya. Valdomiro bai saya ba. Ya ce wanda Allah ya ba hanci irin nasa ba ya sayen na kanti.

Ranar farko ya ce damisa ba ta farauta da yunwa, ya cika kowane gida da manyan lambobi. Mota ta fita tana tari, tana zubar da ɗanyen mai ta salansa, unguwa duk ta ɗauki warin barasar rake. Bai kai kasuwa ba ɗan sanda ya tsayar da shi, ya sa shi tafiya kan farin layin titi, hannuwa a buɗe, 'yan kasuwa na tafi.

"Ranka ya daɗe, ni ko ɗigo ban sha ba! Motar ce!"

"Haka kowa ke faɗa," in ji ɗan sanda. Sai da ya sunkuya bayan motar da kansa, hawaye suka zubo masa, sannan ya ce, "To kai ka wuce. Ita kuwa ka kai ta gida ta kwanta."

Rana ta biyu ya ce ya gane, ƙiba ce ta yi mata yawa. Ya zaftare lambobin. Ya sa Ivonete ta zauna ta taka totur, shi kuma ya tsuguna a bakin salansa ya kafa hanci, ido a lumshe, kamar mai ɗanɗanon miya.

"Taka! Ƙara! To saki!"

Ta saki. Ji kake daram! Wuta ta yi tsalle daga salansa, karnukan unguwa suka ɗauka, kajin maƙwabta suka yi kwana uku ba ƙwai. Injiniya ya tashi zaune a cikin kwata, ƙahon hagu na gashin bakinsa yana hayaƙi.

"Miro, ka mutu?"

"Gwaji ne!" in ji shi, yana kashe wutar da yatsu. "Da gangan na yi!"

Da Asabar ta zo, Nereu ya duba ɓarnar ya ce, "Haba Injiniya, ka riƙa lallaɓa mini shi mana. Kayana ne fa, ajiya na ba ka."

To, ka san mai yawan jifa ba ya rasa sa'a. Ƙara nan, rage can, har kwana goma sha wani abu, sai ga Damisa ta daidaita. In gaya maka gaskiya, ta yi gudu. In ya taka ta a hanyar masaƙa, a'a, hanyar injin katako, masaƙar an rufe ta tun ina saurayi, in ya taka ta turbo ya yi fito, sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Sai dai duk wannan aiki da rana tsaka yake yin sa, in ya rufe shago don cin abinci, kuma makonnin nan an yi wani ɗan ɗumi da yakan ratso tsakiyar sanyinmu ya ruɗi itatuwa su yi fure. Akwai wani shafi a kwamfutar na tayar da inji cikin sanyi. Ya buɗe shi sau ɗaya, ya ce ba a tsere da sanyin inji, ya rufe.

Ya kai wa surukinsa ita har gida don ya gani. Baba Alcides ya zagaya ta, ya saurari injin, ya gyaɗa kai. Ya leƙa ƙarƙashin bonet ya daɗe yana kallon baƙin akwatin.

"Ta yi daɗin murya. Ka taɓa tayar da ita da sassafe?"

"Baba, wa ke sayen katifa da sassafe? Lokacin kowa na kanta."

"Ka gwada gobe. Tsakanina da kai, ba sai Nereu ya ji ba."

"Tsoro ya kama tsoho!" in ji Valdomiro, yana dariya har da buga bonet. "Ka shafa wa akwalarka mai, Baba, ƙurar Damisa za ta sha."

Jajiberin biki da la'asar ya kai ta bakin coci ya kafa ta a kan layi, don kada wani ya riga shi. Titin nan siriri ne, katangar coci a dama, ta maƙabarta a hagu, mota ɗaya yake ci. Ivonete ta yi mata ado da furanni, ta cika ɗan tankinta da ruwa ta ajiye a matakalar coci don ta yayyafa musu da safe. Motar Baba Alcides ta tsaya a baya, sauran suka bi, har ɗari da arba'in, da tarakta da babura.

Aka wayi gari duniya ta yi fari fat. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, a kan rufin gidaje, a kan Damisa. Furannin Ivonete sun sandare kamar na roba. Mutane suka taru cikin barguna, kowa da fulas a hammata, baki na hayaƙi. Fada Anselmo ya fito da tuta, hancinsa ja wur.

"Bismillah, Fada, shigo," in ji Valdomiro, ko kuwa abin da Kirista ke faɗa a wurin, na manta. Ya sha jar riga, ya shafa wa gashin baki mai har yana ƙyalli.

"Tayar tukuna, ɗana. In shiga da ɗumi."

Ya murza makulli. Ƙiƙiƙiƙi. Shiru. Ya sake. Ƙiƙiƙiƙi. Damisa ko atishawa ba ta yi ba.

"Tana addu'a ne," in ji wani daga baya.

"A'a, katifar ce ta yi mata daɗi!"

Ya zaro kwamfuta ya ɗora a cinya, ya buɗe shafin nan da ya raina. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi ya fafa. Ya zuba lambobi, ya murza. Ya ninka su, ya murza. Man rake ya yi ta kwarara cikin inji mai sanyin ƙanƙara, ya jiƙa fulogi sharkaf, ya ƙi kamawa. Batir ya fara jan numfashi. A baya kuwa motoci ɗari da arba'in sun fara hon, ba mai iya wucewa.

Baba Alcides ya sauko a hankali, da 'yar kwalba a aljihu. Ya sunkuya ta taga ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, fetur ne. Cikin murfi biyu a bakin bututun iska, ta tashi. Ɗaga bonet, in tsaya in kare ka, ba wanda zai gani."

Ka ga mutumin kirki. Da Valdomiro ya yi shiru, da yau gashin bakinsa na nan. Amma ya hango Nereu a kan matakala da 'yar jakarsa, yana murmushi, sai girman kai ya taso masa. Ya fito ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Fetur? A motar kwamfuta? Baba, wannan zamanin ya wuce! Matsalar ɗumi ce kawai, kimiyya ce. Jama'a, a kawo ruwan zafi!"

Wannan dabara ce ta gaske, kakanninmu sun yi ta: a tsiyaya ruwan zafi a hankali kan bututun da ke kai wa inji iska. A hankali, na ce, kuma a kan bututun. Fulas suka fara tahowa hannu da hannu, tun daga ƙarshen layi, har da na Fada. Aka juye su cikin bokitin wanke coci, ya cika ya batse. Mutane suka tsaya da busassun ƙoƙuna suna kallo.

"Sannu-sannu," in ji Baba Alcides. "Kauce wa akwatin."

"Ku matsa! Inji ba jariri ba ne da za a yi masa wanka da cokali!"

Ya ɗaga bokiti sama ya sheƙa gaba ɗaya. Tururi ya turnuƙe. Da ya washe, sai ga ƙwaƙwalwar São Paulo zaune a gurbin ɗan tanki tana wanka. Ya ruga ya murza makulli. Wani abu ya ce tas, tas, sai siririn hayaƙi mai warin ƙonannen roba ya miƙe sama.

"Zare makulli!" Baba Alcides ya daka tsawa. Valdomiro ya zare ya cusa a aljihu.

"Allah ya ji ƙanta," in ji Nereu, ya cire hula. "Ta rasu da tsabta."

Fada ya ɗauki tutarsa ya hau motar katako. Amma titi a toshe yake, ba yadda za a yi sai an tura Damisa. Nan fa idon Injiniya ya sake haske.

"Tsaya! Me na ce a shago? Na ce Damisa ce za ta fara shiga fili. Na ce da injinta? Nereu, na ce da injinta?"

Nereu ya sosa ƙeya. "Ba ka ce ba."

"To Baba ya turo ni! A kawo katifa, kada a ƙuje mata fenti!"

Aka ɗauko ɗaya daga cikin katifun da ya ba coci, aka rataya a bayan Damisa. Motar katako ta sa hanci ta fara turawa. Haka aka gangara, tafiyar hawainiya, Valdomiro ya fito da rabin jiki ta taga yana ɗaga wa 'yan kallo hannu kamar ɗan takara.

"Wa ke gaba? Ku faɗa mini wa ke gaba!"

Daga coci zuwa fili titin miƙe yake sambal, sai a ƙarshe ake karyawa hagu a shiga ƙofa. Baba Alcides ya tuna makulli na aljihun Valdomiro, kuma in an zare shi sitiyari kulluwa yake yi, ya ja birki, ya yi ta danna hon yana nuna masa da hannu. Valdomiro ya ɗauka taya shi murna ake, ya aika masa da sumba ta iska. Gangara ta karɓi Damisa, ta ci gaba ita kaɗai. Ga ƙofa ta zo. Ya juya sitiyari, ji kake ƙaras, ya kulle. Ya taka birki, ba inji, birki ya zama dutse. Ya laluba aljihun dama, makulli na hagu.

Damisa ta wuce ƙofar fili cikin natsuwa, ta tsallaka ɗan rami, ta nutsa hanci cikin tulin takin shanun da kwamiti ya tara don gyaran ciyawa. Katifa ta yi tsalle ta kwanta a kan rufinta. Motar katako ta karya hagu, da Fada, da tuta, ta shiga fili, shekara ta ashirin da uku.

Fada Anselmo mutum ne mai adalci. Da ya gama da sauran motoci sai da ya taka har bakin tulin, ya toshe hanci, ya yayyafa wa Damisa nata rabon.

Aka kafa kujera a tsakiyar fili, inda ake ajiye ƙwallo. Aka zaunar da Injiniyan Soso, aka ɗaura masa zanen gado a wuya, daga shagonsa. Maza da mata suka kewaye, masu gashin nama ma suka bar wuta. Nereu ya buɗe jaka, ya fito da rezar da ya yi mako uku yana wasawa.

Valdomiro ya dubi rezar, ya dubi Nereu. "Nereu, ɗan'uwana, abu ɗaya na roƙe ka. A jiƙa shi da ruwan ɗumi. Shekara ashirin ne fa."

"Ai hakkinka ne. Jama'a, wa ke da ruwan zafi?"

Fulas sama da ɗari suka kifa baki ƙasa. Ko ɗigo.

"Ka shayar da kwamfuta," in ji wata tsohuwa. "Ko shayi ba mu sha ba yau saboda kai."

Sai ga Ivonete ta ratso taro, rungume da ɗan tankin da ya kwana a matakalar coci. Ta girgiza shi, ƙanƙara ta yi ƙara a ciki. Ta saita siririn tiyon daidai ƙarƙashin hancin mijinta.

"Ɗaga kai, Miro. Yau dai zan ga wanda na aura."

Ta matsa. Ruwan na taɓa shi ya zabura ya kurma ihun da aka ji har coci, ƙafafu na harbin iska, sai da mutum biyu suka danne shi.

Baba Alcides ya leƙo, ya dubi ɗan tankin, ya dubi surukinsa, ya gyaɗa kai.

"Ka gani, ɗana? Kurɓa ɗaya, cikin sanyi, ga shi ka tashi. Dama aikinsa ke nan."